Gayyar da Muka Yi wa Abdulsamad

Ni na jawo abin, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sunana Baballe, ni ke buɗe ƙofar ruwa a sashenmu na noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Abdulsamad kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara ba ni da aikin da ya wuce tsokanarsa. Shekara tara ya yi yana sakataren ƙungiyarmu ta manoma. Shi ke tsara wanda zai sha ruwa ranar Litinin da wanda zai jira Talata, shi ke shiga tsakani idan wani ya tare wa wani ruwa. Ya san gonar kowa, ya san halin mai ita.

A shekarar 2006 wani shiri na gyaran noman rani ya shigo yankinmu da sabuwar doka. Daga rani mai zuwa kowane sashe sai ya sami manaja, kuma manajan dole ya zama mai takardar shaidar ƙwarewa a kan tafiyar da ayyuka. Sashen da ba shi da mai takarda, za a turo masa wani daga birni. Abdulsamad ba shi da komai sai takardar sakandare, ita ma ɓera ya ci gefenta. Ranar da aka karanta mana dokar a taro na ga yadda ya riƙa murza hularsa a hannu. Aikin nan shi ne mutuncinsa, kuma ga shi za a karɓe a ba wanda bai san inda kanal ɗinmu, mai kawo mana ruwa gonaki, ya lanƙwasa ba.

Sai ya shiga kwas. Sati shida yana hawa bas zuwa Kano, yana dawowa da sababbin maganganu. Wai ba a kama babban aiki gaba ɗaya, sai an yanyanka shi ƙanana. Wai kowane yanki sai an san mai shi, da ranar farawa, da ranar gamawa, da kuma aikin da yake jira kafin a taɓa shi. Na ce masa ai ko mai dafa tuwo ta san sai ruwa ya tafasa ake zuba gari, kuma ba ta je Kano ba. Ya ce in bari ya ci jarrabawa tukun, zai kore ni daga bakin ƙofa ya sa mai hankali.

Ya ci ta rubutu, da ƙyar. Saura ta fili, wadda ita ce rabin maki. Ƙa'idarta ita ce ɗalibi ya tsara aiki na gaske, ya fara shi, sannan a turo mai jarrabawa ya duba. Dama ɗaya ce a shekarar, kuma a watan Janairu za a naɗa manajoji.

Aikin da ya zaɓa shi ne yashe ƙaramin kanal ɗinmu, wanda laka da ciyawar kacala suka cinye. Lokacin an gama yankan shinkafa, irin tumatir yana reno yana jiran dashe, daidai lokacin da ake iya rufe ruwa ba a yi wa kowa ɓarna ba. Ya sayo farin kwali babba, ya zana layuka da alƙalami mai launi, ja da kore da shuɗi. Kwana goma sha biyu, rukuni huɗu, kowane rukuni mutum goma, rukuni ɗaya ke fita a rana. Ya manna kwalin a bangon rumfar ƙungiya, mutane suna zuwa kallo kamar an kawo sabuwar kalanda. Ya ce za a fara ranar Asabar, mai jarrabawa za ta zo ranar Alhamis, rana ta shida.

Na rufe ƙofa, aka fara. Sai dai mutanenmu ba su saba da aikin mutum goma ba. Ranar farko takwas suka zo, ta biyu shida, ɗaya ma cewa ya yi ya zo ne ya ga ko an zo. Ana yi dai, amma a hankali. Ranar Talata Abdulsamad ya tafi Kano kai takardunsa, ya ce zai kwana biyu a can, ya taho da mai jarrabawar a motar shirin ranar Alhamis da safe. Kafin ya hau babur ya ce min: "Ka bar komai yadda yake, a ci gaba kamar yadda na rubuta."

Na ce to.

Da yamma na bi bakin kanal ɗin ina kallo, raina ya ɓaci. Kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka yi. Laka jibge a gefe tana wari, kacala tsaye ta fi ni tsawo, ga shebur biyu an yar a cikin taɓo. A haka baƙuwa za ta taso tun daga birni ta gani? A garinmu ko surukinka ne zai zo sai an share tsakar gida an yayyafa ruwa, balle wadda ta riƙe abincin mutum a hannunta. A raina na hango taubashina tsaye gabanta yana sosa ƙeya, tana rubuta cewa mutanensa ba sa jin maganarsa. Ni kaɗai nake da izinin kunyata Abdulsamad a duniyar nan, ban yarda wata ta zo ta taya ni ba.

Na wuce gidan Baba Dattijo, shugaban ƙungiyarmu, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya wanda har yanzu shi ke riƙe fartanyarsa. Na zayyana masa abin da na gani. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce yaron nan bai taɓa neman komai a wurinmu ba, kuma ba a kai baƙo gona a nuna masa ciyawa. Ya ce a kira gayya.

Kafin magariba saƙo ya zaga ƙauyuka uku. Ba mu ce a zo yashe kanal ba, don da mun faɗi haka da mutum ashirin za mu gani. Cewa muka yi za a fitar da Sakatare kunya.

Ranar Laraba, wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Tun hantsi bai ɗaga ba bakin kanal ya cika. Masu shebur a ciki, masu lauje da adda a gefe, masu baro suna kwasa. Mutanen ƙauyen gabas suka kama daga kai, na yamma suka kama daga tsakiya, ana gasa ana yi wa juna gori. Har Jaji ya zo, Bafulatanin da ke zaune da iyalinsa can ƙarshen sashe, inda suke noma albasa suna kiwon shanu, ya taho da mazan gidansa bakwai. Mata suka ɗora tukwane a ƙarƙashin mangwaro, shinkafa da wake da mai da yaji, wadda ba ta kawo shinkafa ba ta kawo itace. Kafin la'asar aikin kwana goma sha biyu ya ƙare. Muka baje lakar, muka gyara gaɓa, har shara muka yi. Sannan na je na murɗa ƙofa, ruwa ya shigo yana sheƙi tun daga kai har ƙasa. Na tsaya ina kallo ina jin kaina kamar wanda ya gina madatsar ruwan Tiga da hannunsa.

Ranar Alhamis muka yi wanka muka sa manyan kaya, muka jeru a rumfa. Wajen ƙarfe tara motar ta iso. Abdulsamad ya fito da fayil a hammata, bayansa mai jarrabawar, Injiniya Kubra, mace mai matsakaicin shekaru da tabarau, ta ɗaura gyale a kan doguwar riga, ƙafarta cikin takalman ruwa. Takalman nan su suka fara sa ni jin wani iri, don ba wanda ke sa su ya zo kallon wuri mai tsabta.

Abdulsamad ya taka zuwa bakin kanal ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ina jira ya juyo ya rungume ni. Da ya juyo, fuskarsa ta yi fari kamar wanda aka yi wa sata.

Injiniya ta gaisa da Baba Dattijo cikin ladabi, ta je ta karanta kwalin da ke bango, ta dawo ta dubi ruwan. Ta ce: "Malam Abdulsamad, ina aikin?"

Na yi caraf na ce an gama, ranki ya daɗe, jiya muka gama, mutum ɗari da wani abu. Ta tambayi wanda ya jagoranta. Na nuna ƙirjina, sannan don kara na nuna Baba Dattijo. Ta tambaya ko Malam Abdulsamad yana nan. Na ce ina, ai yana Kano, mamaki muka shirya masa.

Ta cire tabarau, ta rufe baki da gefen gyale, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, ta kasa riƙewa. Da ta natsu sai ta yi mana bayani dalla-dalla. Ba kanal aka turo ta dubawa ba, mutum aka turo ta dubawa. An zaɓi rana ta shida ne da gangan, don a sami aikin a tsakiya, da lakarsa da matsalarsa, ta ga yadda yake raba mutane, yadda yake gane an yi jinkiri, da abin da yake yi a kai. Jinkirin da na gani na ji kunya, shi ne ainihin abin da ta zo nema. Ta ce ta yi shekara tana wannan zagaye, ta ga inda ba a fara aiki ba, amma ba ta taɓa ganin inda aka sace wa ɗalibi jarrabawarsa saboda ƙauna ba. Sannan ta ce, cikin tausayi amma ba wasa, ba za ta iya sa hannu a kan abin da ba ta gani ba.

Baba Dattijo ya cire hula ya ce laifinsa ne, ta dubi furfurarsa. Ta ce tana ganin girmansa, amma takardar ba ta Baba ba ce. Ni kuma, don ruɗewa, na ce ai lakar tana nan kusa, in ta ba mu awa biyu za mu mayar da ita ciki. Wasu suka yi dariya. Abdulsamad bai yi ba. Bai ko kalle ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Jaji ne ya yi gyaran murya daga baya. Mutum ne da ba ya magana a taro, sai an tambaye shi sau biyu. Ya ce shi bai san jarrabawa ba, amma in aiki ake nema wanda ba a gama ba, akwai shi a wajensu. Reshen da ke kai ruwa gonakinsu ya toshe shekara huɗu, kwalbatin da shanu ke bi ta kai ya rufta, ruwan da aka sake jiya ko ɗigo bai isa gare su ba. Da jarka suke ba albasa ruwa.

Injiniya ta tambayi Abdulsamad me ya sa reshen ba ya cikin kwalinsa. Ya ce ya san da shi, ya bar shi ne don yana tsoron kada ya ɓata masa lissafin kwanaki. Ya faɗi haka a gaban Jaji, kansa a ƙasa. Ta dubi agogonta ta ce tana nan har la'asar. In zai iya tsara aikin yanzu, a gabanta, ya kuma fara shi, za ta duba.

Muka ɗunguma zuwa ƙarshen sashe da manyan kayanmu. Babu kwali, babu alƙalami mai launi. Abdulsamad ya naɗe hannun riga, ya bi reshen da ƙafa yana ƙirga taku, ya dawo ya ce ɗari huɗu da sittin. Ya sami kara ya tsuguna yana zane a ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, wannan karon bai fara da faɗa mana ba, tambaya ya fara yi. Ya tambaye ni awa nawa ruwa zai ɗauka ya janye in na rufe ƙofa, na ce biyu. Ya ce to ba za a zauna jira ba, masu lauje su fara yanke kacalar gefe, masu baro su tafi ɗebo dutse. Ya tambayi Baba Dattijo taku nawa mutum ɗaya ke yashewa a wuni in laka ta yi tauri. Ya tambayi Jaji yaushe shanu ke dawowa. Jaji ya ce bayan azahar, kuma ta kan kwalbatin nan za su bi, in an gyara shi ɗanye za su tattake. Abdulsamad ya ce ke nan sai an karkatar da su ta burtalin arewa yau da gobe, ya ba Jaji wannan aikin, don ba wanda shanun za su saurara sai shi.

Sannan ya ƙirga mutane. Jiya an ci jiki, da yawa suna gida suna shafa man zafi. Talatin da ɗaya ne a wurin, har da tsofaffi. Ya yi lissafi a ƙasa ya ce aikin kwana biyu da rabi ne. Yau za a kai bakin kwalbati, taku ɗari da tamanin. Gobe Juma'a, rabin wuni ne. Asabar a gama.

Na matsa kusa da kunnensa na ce ya gaya mata yau za mu gama, zan sake tayar da ƙauyuka, ai ta ga abin da muke iyawa. A lokacin ne ya dube ni karo na farko tun safe.

Ya ce: "Baballe, je ka rufe ƙofa."

Na hau keke na tafi na rufe.

Sauran wunin taɓo ne da gumi. Na cire babbar rigata na rataya a reshen bishiya, na shiga da shebur. Injiniya ba ta zauna a inuwa ba, tana bin gaɓa da littafinta, wani lokaci har ta shiga ciki ta taɓa lakar. Abdulsamad yana kai da kawowa. Da masu baro suka daɗe ba su dawo ba, ya gano dutsen ya yi nisa, ya aika aka roƙo amalanken shanu a gidan Jaji. Da aka tashi sallar azahar ya tara mu minti biyar, kowane rukuni ya faɗi inda ya kai. Saiwar kacala ta fi yadda aka zata zurfi, masu shebur sun koma baya, sai ya ɗebe mutum huɗu daga masu lauje ya ƙara musu. Matar Jaji ta aiko da fura da nono a manyan ƙore, Injiniya ta sha har ta nemi ƙari.

Da aka kira la'asar ba mu kai kwalbatin ba. Ina ganinsa ga shi can, kamar in miƙa hannu. Na so a ƙara ko rabin awa, amma Abdulsamad ya ce a tsaya. Ya ƙirga abin da ya rage da ƙafarsa, ya je gaban Injiniya, rigarsa duk laka, ya ce saura taku ashirin da biyar a cika na yau. Ya ce kuskurensa ne, ya raina saiwar. Gobe za a fara da nan, gyaran kwalbati ya koma Asabar da safe, ruwa ba zai isa gonakin Jaji ba sai Asabar da yamma maimakon da rana. Ya ce ya riga ya gaya wa Jaji, don ya san yadda zai yi da albasarsa.

Ta auna da tef ɗinta, ta ce ashirin da bakwai ne, amma ba za ta yi faɗa a kan taku biyu ba. Ta ɗora fayil a kan motar ta daɗe tana rubutu. Mu duka muna tsaye muna kallonta. Sannan ta sa hannu, ta juya takardar ta nuna masa.

Ta ce: "Ka ci, Malam Abdulsamad. Aikin da ba a gama ba, da mutumin da ya san daidai inda aikin ya tsaya, abin da na zo gani ke nan." Ta juyo gare ni ta ce in an sake jarrabawa a garin nan, a ɗaure ni a gida.

Aka yi ta sowa, Baba Dattijo yana ta sa mata albarka, Jaji ya cusa ƙwaryar man shanu a bayan mota duk da tana cewa a'a. Motar ta tafi, mutane suka watse neman alwala.

Abdulsamad ya zauna a gaɓar reshen, ƙafafunsa cikin taɓo. Na je na zauna ɗan nesa da shi, inda hannunsa ba zai kai ba. Na shirya wa zagi, na san na cancanta, har na tanadi haƙurin da zan ba shi.

Can ya ce: "Mutum nawa suka zo jiya?"

Na ce ɗari da sittin da uku, ban da mata masu girki.

"Ni da nake neman goma ina samun shida."

Na ce ai ba kanal muka ce musu ba, sunansa muka kira.

Ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bayan hannu, sai laka ta shafe masa fuska har goshi. Shekara arba'in ina jiran irin wannan damar in yi masa dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya miƙo min hannu ya ɗaga ni.

Ya ce: "Gobe ƙarfe bakwai. Kuma kada ka taɓa ƙofar nan sai na ce."

Na ce: "To, Manaja."